Zinaren da Janar Ya Nema

Na zo hutu Khartum da wani ɗan falle na dutse wanda bai kai farcena ba, a cikin akwatin roba. Shekara biyu na yi a ƙasar waje ina fama da shi. Silikon kabaid ne, irin wanda ake kayan lantarki da shi. Mun gasa shi har wata shimfiɗar gawayi mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya ta fito a samansa, ita ake kira girafin. Muka watsa ƙurar zinare muka sake gasawa, zinaren ya sulale ƙarƙashin shimfiɗar ya ɗaga ta daga jikin dutsen, lantarki ya samu hanyar gudu. Duk gwajin da na yi, wannan kaɗai ya yi kyau. Awo ɗaya ya rage in kammala digirina.

Rawar kai ta sa na nuna wa shugaban sashenmu a jami'a. A makon ne wani janar zai kawo ziyara. A zamanin, in babba zai zo har duwatsun bakin hanya sai sun sha fenti, kuma duk abin da ke ƙyalli sai an jera shi a tebur.

"Ya duktora, ki kawo dahab ɗin nan ya gani," in ji shugaban, yana nufin zinaren. Na ce ba a taɓa shi da hannu. Ya ce, "Ma fi mushkila," wato ba matsala.

Ranar ziyarar, tun daga unguwar Hajj Yusuf nake rungume da akwatin a cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami.

Janar ya iso da man ful, waken karin kumallo, a yatsunsa. Bai tambayi kowa ba, ya buɗe akwatin, ya ɗaga dutsen ya duba a haske.

"Ina zinaren?"

"A ƙarƙashin shimfiɗar yake, sa'adatak," na ce, wato ranka ya daɗe.

"To, mu cire ta saman mana."

Ya zaro makullin mota ya kankare, kamar mai gwada awarwaro a kasuwar Umdurman. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Bai ga komai ba. Ya miƙo mini, ya shawarce ni in riƙa lura, Turawa suna cutar 'ya'yanmu. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Shugaban ya zungure ni da gwiwar hannu. Na ce, "Shukran, sa'adatak." Har yau abin da ke ci mini rai shi ne muryata ko rawa ba ta yi ba.