Gunkin da na tarar a ɗakin ƙanena

Na tura ƙofar ɗakin ƙanena Bello a Tambuwal, sai na gan shi durƙushe gaban wani ɗan gunki mai fatar zaki da kulki, yana zuba masa zuma.

A Turai ya yi karatu. Bara matarsa da ɗansa suka rasu a hatsarin mota.

Na ce, "Subhanallahi! Bello, mi na wanga?"

Ya ce, "Heraklis ne, Yaya, gwarzon da Girkawa suka bauta wa. Shi ma ya rasa mata da ɗiya. Shi ka jin kukana."

Na ja ƙofar na fita.

Innarmu na can Dogon Daji tana murna ya daina kuka, wai addu'arta ta karɓu. Na kasa gaya mata.

Jama'a, in ku ne, za ku iya?