Gurbin Ɗan Fari

Shekarar da ƙungiyar manoma ta ba ni aikin shirya fom ɗin rajistar taki a intanet, Inna ta kafa rai a kan gonar masararta ta Pauwa. Tun rasuwar Baba ita ke noma ta, ƙasar kuwa ta gaji, idan babu takin zamani sai dai kara. Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, ɗanta ke riƙe da kwamfutar.

Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai taurin kai, ya ce dole kowace mace ta ba da sunan mijinta, bazawara kuma sunan ɗanta na fari, don kada a karɓa sau biyu. Na sa wa gurbin jan tauraro, in ba a cike ba fom ba ya wucewa. Don iyayi har na ƙara doka: miji ɗaya ba ya wuce mata huɗu. Ina ta jin kaina, ni mai ilimi.

A Ketare muka fara. Mace ta farko ta zauna, na ce, "Iya, sunan maigida?" Ta ja mayafi ta ce, "Malam." Ta biyu ma Malam, haka ta uku da ta huɗu. Ta biyar tana cewa Malam sai fom ya yi ja, wai wannan mijin ya cika. Matar ta dafe ƙirji. "Ya cika? Yaushe ya ƙaro ukun?" Da kyar aka hana ta tafiya gida da taɓarya. Ni fa na san matan yankinmu ba sa kama sunan miji, amma ina gaban kwamfuta sai abin ya fice mini sarai.

Na ce ba komai, wayo ya fi ƙarfi. Na gyara fom ɗin yadda da an sa lambar waya, sunan mai lambar zai fito da kansa a gurbin miji daga rajistar maza, mace ta gyaɗa kai kawai. A Faskari abin ya tafi sumul. A wani ƙauyen Sabuwa kuwa duk unguwa lamba ɗaya suke bayarwa, ta mai cajin waya, wani tuzuru da ko zance bai taɓa zuwa ba. Kafin azahar fom ya aura masa huɗu, ciki har da gwaggonsa. Mazan suka yo gayya. Shi kuwa sai murmushi yake, yana tambaya ko takin nasa ne.

Alhaji ya fusata. Ya ce daga yau babu abin da zai cike kansa, kowa ya faɗa da bakinsa a gabansa, ni kuma in buga abin da kunnena ya ji.

A haka muka iso Pauwa, Inna ta zo kan layi. Ta zauna ta juya mini ƙeya, kamar yadda ta saba tun ina yaro.

"Hajiya, sunan ɗan fari?" in ji Alhaji.

Ta nuna ni da haɓa.

"Da baki, Hajiya."

Na ce, "Haba Alhaji, ga ni fa a zaune! Kai ma ka san sunana."

"Na sani. Doka ce."

Wallahi rabin zuciyata na tsoron ta rasa takin, rabi kuma, ba zan ɓoye ba, na ƙosa in ji yadda sunana zai fito daga bakinta, don ban taɓa ji ba. Na kasa kunne.

Inna ta gyara zama, ta ɗaga murya ta faɗi sunan ƙanena, tiryan-tiryan, har da laƙabin da take yi masa.

Alhaji ya ce, "Buga."

Na buga da yatsuna. Fom ya yi kore, ya ce bayanai sun inganta. Raina ya sosu ƙwarai, ga mutane sai dariya suke.

Aka ba ta buhunanta. Ta tsaya a kansu tana duban bishiyar da ke gefe, ta ce, "A gaya wa wancan ya ɗauko, kuma ya bi a hankali, bayansa ba shi da ƙwari."