Shuɗin Zare a Sandar Baba Malam

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Zariya, sai aka kawo mana sabuwar na'ura daga Jamus ta Yamma. Ta zo a cikin akwakun katako, aka jingine ta a lungu, babu wanda ya iya ko kunna ta. Aka ce za a tura mutum ɗaya can ya koyo aikinta, amma sai ya ci jarrabawar Jamusanci tukuna. Mu biyu aka ware, ni da wani abokin aikina, wanda ya fi maki shi ke da kujerar. Wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so tafiyar nan ba.

Lokacin ban daɗe da aure ba, ba goyo ba ciki, muna zaune a babban gidan su maigidana a Kusfa. Shi maigidan nawa mutumin kirki ne, amma a gidan ba shi da ta cewa. Magana ta mahaifinsa ce, Baba Malam, tsohon malamin nahawu da ɗalibai ke cika zaurensa tun daga hantsi. Da aka kai masa batun, bai ja ba. Ya ce tunda yayana yana karatu a can zai karɓe ni, a bar ni in je, ilimi ne. Inna, surukata, ba ta so ba, amma Malam ya riga ya yanke.

To, sai Jamusancin. Kai, Allah na tuba, ban san wanda ya tsara harshen nan ba, amma bai yi shi don a huta ba. Wani injiniya da ya yi karatu a can shi ke koya mana duk Asabar a falonsa a Tudun Jukun. Ranar farko ya ce kowane suna yana da jinsinsa, na ce wannan ai mai sauƙi ne, mu ma muna da shi, ƙofa mace, cokali namiji. Ya ce su uku ne da su: der na namiji, die na mace, das kuma na abin da ba namiji ba ba mace ba. Na ce to yaya ake gane su? Ya ce akwai 'yan alamu nan da can, amma yawanci haddacewa ake yi.

Haba! Mu da kin ji suna ya ƙare da “a” kin san galibi mace ce, ki wuce. Su kuwa cokali namiji, wuƙa ba kowa ba, taga ba kowa ba, ƙofar da ke kusa da tagar kuma mace. Yarinya ɗungurungum, mai kitso da ɗan kunne, wai das ce. Ina cikin wannan takaici sai ya ƙara mana wani: in abin ya zama shi aka yi wa aiki, der ya koma den, in shi aka ba wa ya koma dem. Macen ma a wani wurin sai ta ari der ɗin namiji ta yafa. Na koma gida kaina na sarawa. Da safe in haddace, da yamma sun gudu, ga abokin aikina kullum sai ya tare ni a bakin ɗakin gwaji yana zubo su don ya ba ni haushi.

Dabarar da ta zo mini daga kwandon ɗinkina ta fito. Matan gidan duka muna ɗinkin hula, zare kala-kala bai yanke mana. Na ce bari in bar takarda in koma kan kayan da nake taɓawa kullum. Na ware shuɗi na namiji, ja na mace, kore na na ukun. Na ɗaura shuɗi a ƙafar tebur da wutsiyar ludayi, ja a mariƙin ƙofa da fitila, kore a ƙotar wuƙa da ƙarfen taga da ƙafar gado. Duk abin da zan ɗauka sai na faɗi sunansa da jinsinsa kafin in taɓa. Ikon Allah, sai ga su sun fara zama. Maigidana ya gani ya yi dariya, ya ce na mai da masa ɗaki kamar shagon mai ɗinki. Inna ta leƙo sau ɗaya, ta dubi ƙofar, ta dube ni, ta fita. Ni kuma hankalina na kan jarrabawa, ban ɗauki kallon nan a bakin komai ba.

Ni ke kai wa Baba Malam fura kafin azahar, bayan ɗalibai sun watse. Kowa ya san tsakanin suruki da matar ɗa. In shiga da sallama, in durƙusa, in ajiye, idona a ƙasa, in fita. Wata rana na juya zan tafi sai na ji ya ce, “'Yar nan, mene ne wannan a jikin ludayi?”

Kamar in nutse. Na koma na durƙusa, na yi masa bayani murya ƙasa-ƙasa. Sai na ga ya ajiye ƙwaryar ya gyara zama. Ashe na taɓo masa inda yake yi masa ƙaiƙayi.

“Uku?” ya ce. “Larabawa biyu, mu biyu, su uku? To na ukun su wane ne?”

Na ce ba maza ba ne ba mata ba. Ya ce, “Oho, 'yan ba-ruwanmu ke nan.” Ya tambayi rana da wata, na ce rana mace, wata namiji. Ya ce nan kam sun yi hankali. Da na kai ƙarar den da dem, ina jiran ya taya ni jin haushi, sai ya yi murmushi ya ce, “Ai i'irabi ne, 'yar nan. Mu a ƙarshen kalma muke sa wasali ya nuna wa ya yi, wa aka yi wa. Su sun ɗauko shi sun kawo gaba. Kar ki tsane shi, ki tambaye shi aikinsa a jimla.” Abin da injiniya ya kasa sa mini a kai, tsohon nan da bai san kalma ɗaya ta Jamusanci ba ya sa shi a zama ɗaya.

Daga ranar ya zame mana al'ada. In na ajiye fura, ba ya magana, sai ya ɗaga wani abu, buta ko takalmi ko littafi, ya ɗage gira. Ni kuma in ce namiji, ko mace, ko ɗan ba-ruwanmu. In ban sani ba ya ce gobe in zo da amsa. Wata rana ya ɗaga sandarsa ta dogarawa. Na ce namiji ce a wurinsu. Ya ce, “Madalla, ashe shekara da shekaru da namiji nake yawo ban sani ba. Ɗaura masa rawaninsa.” Ya miƙo mini ita da hannunsa, na ciro shuɗin zare daga bakin zanena na ɗaura a ƙasan mariƙin.

Ban gaya wa kowa ba, har maigidana. Da wane baki zan ce ina hira da surukina har muna dariya? Ai sai a ce ba ni da kunya, shi ma a ce ya zubar da girma. Shi ma na tabbata bai faɗa ba.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, Baba Malam ya fito zai tafi masallaci sallar la'asar, ya yanke jiki ya faɗi a soro. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san hawan jini ne, na daɗe ina cewa a rage masa gishiri da man shanu. Amma wanda ya tsinci sandar ya kai wa Inna, Inna kuma ta ga zaren.

Kashegari na dawo daga aiki na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an jera kayana a kai. Ludayi, wuƙa, fitila, zarurrukan da aka tsinko daga ƙofa da taga da gado, ga sandar a tsakiya. Inna na zaune, 'yan'uwan maigidana mata sun kewaye ta, shi kuma yana tsaye a gefe yana kallon ƙasa. Inna ba ta yi ihu ba. Idonta ya kumbura don kuka, ta ce, “Na ga ƙulle-ƙullenki a ɗakinki na kau da kai, na ce tsakaninki da mijinki ne. Me Malam ya yi miki? Shi da ya tsaya miki?”

Na yi bayani. Wayyo, ban taɓa jin maganar gaskiya ta yi kama da ƙarya kamar ranar ba. Ina tsaye a gaban mutanen da tsohonsu ke kwance ba ya motsi, ina cewa tebur namiji ne, wuƙa ba namiji ba ce ba mace ba. Wata daga cikin yayyen mijina ta ce, “Ji wani rainin hankali.” Maigidana ya ce shi dai ya san na ɗaki, karatu ne. Inna ta ce, “Na sandar fa, ka sani?” Ya ce a'a, wannan kam bai sani ba. Na ce Baba ne da kansa ya miƙo mini ya ce in ɗaura. Tsakar gidan ta ɗauki salati. Inna ta ce, “Malam? Malam ne zai zauna yana wasan zare da matar ɗansa? Ki ji tsoron Allah, ki bar mutum da ciwonsa.”

Shaidata guda ɗaya ce a duniya, tana kwance a ɗaki, bango ɗaya tsakaninmu, ba ta iya cewa uffan. Na roƙa a shiga da ni gabansa a tambaye shi ko da kai ne ya gyaɗa. Aka ce ban isa in sake taka ɗakin ba, kuma a kwanakin ko mutane bai cika ganewa ba. Aka ƙone zarurrukan a murhu, aka hana ni taɓa abincinsa.

Jarrabawar dai na je na yi a Kaduna, don maigidana ya ce kar a ce ya hana. Abin haushin, ban taɓa sanin jinsin kalmomin nan kamar ranar ba. Duk wadda aka tambaya sai in gan ta a kan tabarmar nan da launinta. Na fi abokin aikina maki, nesa ba kusa ba.

Da sakamako ya fito Inna ta ce wa ɗanta, in na fita ƙasar nan to in fita da kayana gaba ɗaya. Na tafi gidanmu a Ƙofar Kibo ina kuka, ina zaton mahaifina zai goya mini baya. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yarda da ni, amma in na tafi yanzu duk birni za a ce na gama aikina na gudu, kuma wannan tabon har 'ya'yana sai ya bi. Ya ce in yi haƙuri. Kalmar nan na ji ta a shekarar har na tsane ta. Na je ofis da ƙafata na ce a ba abokin aikina. Ya yi ta yi mini godiya, ni kuwa kamar in shaƙe shi, alhali ba abin da ya yi mini.

Shekara ta zagayo. Baba Malam ya ɗan farfaɗo, yana zama a jingine, yana gane kowa, hannun hagu na aiki, amma baki bai dawo ba. Likita ya ce a riƙa duba jininsa, fita da shi kuma wahala ce. Dole ta sa Inna ta aiko a kira ni in ɗiba a gida, ita kuma ta zauna a bakin gado tana lura da hannuna.

Na shiga da sallama na durƙusa. Ya daɗe yana kallona. Ƙwaryar furarsa na gefe, sai ya sa hannun hagu ya ciro ludayin, ya ɗaga, ya ɗage gira ɗaya, wadda ta rage tana motsi.

Na ce, “Namiji ne, Baba. Shuɗi.”

Rabin fuskarsa ya yi dariya. Ya nuna sandarsa da ke jingine a bango, Inna ta miƙo masa tana mamaki. Ya shafa ƙasan mariƙin da babban yatsa, ya juya ta, ya sake shafawa, yana nema. Ya dubi Inna da alamar tambaya. Sai ya finciko zare daga bakin bargonsa, ya haɗa da sandar, ya miƙo mini kamar yadda ya yi a wancan karon.

Inna ta rufe baki da mayafi. Can ta ce, “Ashe da gaske ne. 'Yar nan, ashe da gaske ne.” Ta kama hannuna tana kuka, ta ce in yafe mata, in je in gaya musu a wurin aiki ta amince, in shirya in tafi. Ihu bayan hari. Na ce, “Inna, ai wanda ya tafi har ya dawo.” Ta ce to baɗi. Ban amsa ba, don na san kujera ɗaya ce, kuma ba a sake bayar da irinta ba har na yi ritaya.

Na yafe mata, tsoro ne ya sa ta, kuma mun zauna lafiya har ta rasu. Amma ƙarya nake yi in na ce haushin ya tafi. Na ɗaura wa Baba zarensa a sanda, fari ne ma ba shuɗi ba, bai damu ba. Na ɗaure masa dantse, na ɗebi jinin, na sa kwalbar a jaka na hau mota zuwa asibiti. Na miƙa wa abokin aikina ta taga na koma kan bencina na jira, don shi kaɗai aka yarda ya taɓa na'urar.