Gonar da Ke Cikin Waya

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidana a Roni ta faru, kuma ba zan manta da ita ba har ranar da za a kai ni makwancina.

Ɗana na fari direba ne, yana jan motar haya tsakanin Kazaure da Babura. Sunansa ba ya fita daga bakina, kun san alkunyar ɗan fari. In ya dawo da la'asar sai ya zauna a tabarma da ɗansa, jikana da nake kira maigida, su haɗa kai a kan waya suna wani wasa na gona. A ciki suka yi shuka, suka kafa rumbu, suka tara shanu. Akwai wata jar saniya da uban ya raɗa wa suna Inna Mai Faɗa. Da ni yake. Tunda ba ya iya tsokanata ido da ido, sai ya biyo ta kan saniya.

Gajeriyar jinya ta ɗauke shi. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a, sai na haɗiye nawa. In abin ya taso mini sai in ce, "Maigida, kawo gonar nan taku ta ƙarya in ga ko ka bar ta ta yi ciyawa."

"Ke tsohuwa, ba kin ce wasan banza ba ne?"

"Na ce. Kawo dai."

Sai in zuba wa saniyar ido, in ji sanyi a raina.

To, ashe a cikin wasan akwai inda 'yan wasa ke hira. A nan wani mutum ya tari yaron, ya tambaye shi gonar waye mai kyau haka. Yaro ya ce shi da babansa suka yi ta, baban ya rasu. Da kaɗan kaɗan mutumin ya ji sana'ar marigayi, ya ji hanyar da yake bi, ya karɓi lambar waya. Wata ranar da hantsi sai ga kira. Muryar dattijo ce, a natse. Ya ce shi abokin marigayi ne a tashar Babura, sai yanzu labari ya iske shi. Da idona na ga yaron ya durƙusa yana gaishe shi, alhali mutumin ba ya ganinsa. Ni ma aka miƙo mini wayar, ya yi mini ta'aziyya cikakkiya, ba abin da ya rage.

Sannan ya ce wa yaron zai zuba wa gonar zinare, sadaka ga marigayi. Wasu lambobi za su shigo wayar, ya karanto masa.

Yaron ya ce, "Baba ya ce kada in faɗa wa kowa."

"Ɗana, yanzu ni kowa ne?"

A gidajenmu yaro ba ya musu da abokin ubansa, kuma wanda ya zo gaisuwar mutuwa ba a tambayarsa shi wane ne. Yaro ya karanta. Ashe lambobin nan su ne makullin gonar. Kafin azahar gona ta ƙi buɗuwa.

Tuwon ranar bai shiga bakinsa ba. Autata, goggonsa, da ke karatu a Kazaure, ta hawo acaɓa ta zo. Ta yi ta aika wa kamfanin masu wasan saƙo, ta sa aka tambaya a tashar Babura, ba direban da ya san mutumin. Ta ce, "Inna, duk abin da ya faɗa miki, daga bakin yaron nan ya tsince shi." Bayan makonni masu wasan suka maido gonar. Muka taru a kan wayar. Fili fayau, ba rumbu, ba shanu.

Yaron ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kaka, ya sayar da ke."

Na tashi na shiga ɗaki na ja labule. Kukan da na riƙe tun ranar jana'iza, ranar na yi shi.

Mutumin dai ba mu san inda ya faɗa ba, na bar shi da Allah. Goggon ta sa wa wasan makulli na biyu, yanzu tana aure a Gwiwa. Maigida yana sakandare, ya sake tada gonar, har ya sami wata jar saniya. Ya tambaye ni ko ya mayar mata da sunan. Na ce a'a, wanda ya raɗa shi ya tafi da abinsa.

Ni kuwa abin da na koya shi nake faɗa wa jikokina. Baƙo komai furfurarsa a zaure yake tsayawa, sai wani babba na gida ya fito ya shaida shi. Waya ba ta da zaure, sai ku ku yi mata. Ku gaishe shi da ladabi, sannan ku kira babba. Makullin gida kuwa ba ya cikin gaisuwa.