Butar da Ta Cinye Muryar Ladaninmu

Lokacin da abin nan ya faru ina gyaran rediyo da talabijin ne a wani ɗan shago a Gumel, kaina kuma yana hayaƙi don na iya abin da sauran masu gyara ba su iya ba. A wayar salula na koyi haɗa allon na'ura da hannuna. Sai in zana hanyoyin wuta, a buga mini a takarda mai sheƙi, in kifa ta a kan allo mai fuskar tagulla, in danne da dutsen guga har tawadar ta manne. Daga nan in tsoma allon cikin haɗin asid da ruwan nan mai kumfa na wanke ciwo, ya cinye tagullar da tawada ba ta rufe ba. Kafin a tsoma allo, haɗin garai-garai yake, ido ba ya bambanta shi da ruwan rijiya.

Shagona yana kallon masallacin unguwarmu. Ladanin dattijo ne, aminin mahaifina marigayi, Baba nake ce masa. Tun ina yaro muryarsa mai daɗi nake ji, har mutanen ƙauye da suka shigo cin kasuwa kan dakata su saurara. Da tsawa ta ƙona injin lasifikar masallacin a wata damina, sai na ce zan haɗa sabon allo saboda Allah. Gaskiyar magana kuwa so nake a ce wane ne ya yi.

Ranar da zan yi aikin kwalbar da nake haɗin a ciki ta fashe, sai na zuba a wata tsohuwar buta don bakinta ya fi daɗin tsiyaya. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya ce in ɗaura mata jan ƙyalle ko in ɓoye ta, na yi dariya na ce minti nawa ne. Sai na ga zanen ya caɓe, na tura butar ƙarƙashin benci a bakin ƙofa, na ruga wurin masu firinta a sake buga mini. Na dawo gab da azahar na tarar da taro a gindin darbejiya. Baba ne a ƙasa, ya riƙe maƙogwaro da hannu biyu, idanunsa sun firfito. Ashe ruwan randar masallaci ya ƙare, ya zo ya ɗauki buta a shagona kamar yadda ya saba. Mura ta toshe masa hanci, bai ji warin ba. Da ya kai ruwan baki zafin ya sa ya ƙware, wani ruwan ya wuce ciki. Ana ta salati ana cicciɓarsa cikin a-daidaita, ni kuwa na lallaɓa na ɗauke butar na jefa ta bayan shago.

Aka wuce da shi Kano. Allah ya yi da sauran kwana, amma makonni ya yi ba ya iya haɗiyar komai sai kunu, murya kuma ta tafi. Telan ba ya nan lokacin da abin ya faru, amma ya gane, ya daina haɗa ido da ni. A gari kuwa sai aka fara raɗe-raɗin sammu ne, aka ɗora wa na'ibin Baba, wai shi ke son kujerar ladancin. Bawan Allah nan ya daina shiga mutane, aka daina saye a teburin matarsa, ina gani na yi shiru. Duk sanda na ɗauki buta zan yi alwala sai in shinshina, in sake shinshinawa, wani lokaci har a tada salla ban kurkure baki ba.

Da abin ya ishe ni, bayan an sallamo Baba, na je na durƙusa gabansa na faɗi komai. Sai da na kai kunne daf da bakinsa na ji abin da yake cewa. Ya ce ya san butar wa ya ɗauka, ya yi shiru ne don darajar mahaifina, kuma ya yafe. Amma ya ce haƙƙin na'ibinsa ba shi ke da ikon yafewa ba, in tashi in je in wanke shi a gaban jama'a. Na yi hakan bayan sallar la'asar, na kasa ɗaga kai.

Baba yana nan da rai. Idan lokacin salla ya yi yakan zauna kusa da mai kira, leɓunansa na bin kalmomin ba sauti. Ni nake ganin wannan sau biyar a rana.

Na gane cewa iya aiki daban, iya tsare mutane daga sharrin aikin daban. 'Yan uwana masu wannan sana'a, kada ku zuba asid a buta, ko kofi, ko gorar lemo, ko da na ƙiftawar ido ne. Ku rubuta a jikinsa, ku kulle. In kuma kuskure ya auku, ku faɗa tun da zafinsa, domin shiruna ya kusa hallaka mutum na biyu. Ina roƙon ku sa Baba a addu'a, ni ma kada ku manta da ni.