Malam Habibullah, Wanda Ya Auna Gyambona

Ranar Talata, tara ga Yuli, maƙwabciyarmu Huraira ta shigo gidana a Gyadi-Gyadi ta shaida mini ka rasu, Malam Habibullah, bayan gajeriyar jinya.

Ni Jonathan, tsohon malamin makaranta, ciwon suga ne ya kai ni ɗakin wankin ciwo na asibitinku a Tarauni, da gyambo a diddige wanda ya ƙi warkewa. A wani asibitin da na fara zuwa, tsinke mai auduga ake zurawa a ciki don a ga zurfinsa, ina cizon leɓe. Kai kuwa wata 'yar na'ura mai kyamara ka riƙe sama da ƙafar, ko taɓa ni ba ka yi ba. Hoto ya fito, layi ya zagaye bakin gyambon, ga tsawonsa, ga faɗinsa, ga zurfinsa.

Da jinyar ta yi nisa na karaya, don a idona babu abin da ya canja. Na ce maka a yanke ƙafar kawai in huta. Ba ka yi musu da ni ba, sai ka jera hoton farko da na ranar.

"Baba, kullum kana kallonsa, shi ya sa ba ka gani. Dubi nan, tsoka ta fara cikowa."

Hotunan nan ka kai wa likita, ya duba, ya ce a dakata da maganar tiyata.

Ranar da ruwa ya cika layinmu har a-daidaita-sahu ya kasa shigowa, kai ka zo gida, wando a naɗe, na'urar a cikin leda. Matata Naomi ta zuba maka pate, ka cinye, ka roƙi ƙari.

Burinka ka koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin Hotoro wannan awo, ka fara ke nan. Ka kuma ce kai za ka ɗauki hotona na ƙarshe. Jiya abokiyar aikinka Safiyyah ta ɗauka. Na'urar ba ta sami abin zagayewa ba, fata ta rufe. Mu biyu muka yi ta hawaye.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ka huta. Ga mahaifiyarka Inna, da matarka da 'ya'yanka a Ƙauyen Alu, Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari.