Karen da Baba Ya Saka a Aji

Shekarar da Baba ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, ƙanensa ya aiko mana da kare daga Tungan Magajiya. Aikinsa ɗaya ne, ya kori awakin maƙwabta daga masarar da Mama take shanyawa a ƙofar gida. Mama ta gindaya sharaɗi tun ranar farko: in bai iya ba, ya koma inda ya fito.

Karen nan kuwa ba abin da ba ya kallo, ƙuda, ƙadangare, ɗan acaɓa, ban da mai gidan. Wannan ya ƙona wa Baba rai.

"Ɗalibin da ba ya kallon malami, me zai koya?" in ji shi.

Sai aka buɗe aji a gindin mangwaro. Kullum da hantsi Baba zai goga riga, ya maƙala ƙuli-ƙuli tsakanin tabarau da goshi, ya tsaya gaban kare yana cewa, "Ido nan! Ido nan!" In kare ya dube shi, a ba shi ƙulin. Kunya ta ishe ni, don 'yan unguwa har kujera suke kawowa. Ni dai na daina bi ta ƙofar gaba.

Abin haushi, karatu ya shiga, har ya yi yawa. Baba na cin tuwo, kare na kallonsa. Ya shiga banɗaki, kare na kallon ƙofar. Ran Lahadi ya bi mu coci, ya tsaya a taga, fasto na wa'azi shi yana duban ƙeyar Baba.

Ranar da asiri ya tonu, muna dawowa daga kasuwa ni da Mama muka tarar da awaki sun yi dafifi a kan shanya. Ga kare zaune, ya ba su baya, ya ƙura wa Baba ido. Baba yana yi masa bayanin yadda ake korar akuya.

"Baban yara, gobe wannan abin zai hau motar Tungan Magajiya," in ji Mama. Ta durƙusa tana tattara abin da ya rage, ni ina riƙe mata buhu.

"Tun da na ajiye alli," Baba ya ce a hankali, "wa ya dube ni ina magana a gidan nan?"

Na ɗago kai in ba shi haƙuri, sai na ga ashe ba da mu yake ba. Karen yake gaya wa.